Kunne Biyu, Allura Ɗaya: Tarihin Mono da Sitiriyo a Tsofaffin Faya-fayan Garmaho

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa juya kwalin tsohon faifan garmaho na shekarun 1960, da wuya a ce bai ci karo da ɗaya daga cikin kalmomin nan biyu ba, wato mono ko sitiriyo. Akan sami faifai guda, na mawaƙi guda, da hoto iri ɗaya a kwali, amma an buga shi kashi biyu, kowane kashi da tasa kalmar. Mai saye a wancan zamani ya ɗauka bambancin bai wuce na farashi da na irin na'urar da ya ajiye a ɗakinsa ba. Sai da aka kwana biyu manazarta tarihin kiɗa suka jera faya-fayan gefe da gefe, suka tarar a wurare da dama waƙar da ke cikin wannan ta saɓa wa wadda ke cikin wancan. Wata ta fi 'yar'uwarta sauri, wata ta fi tsawo, wata kuma tana ɗauke da muryar da babu ita a ɗayar.

Daga nan ne tambaya ta taso: wanne ne ainihin aikin mawaƙin? Tambayar tana da nauyi, domin duk lokacin da kamfani ya tashi sake buga tsohon aiki, ɗaya yakan zaɓa, wanda aka bari kuwa sai ya ɓace wa kunnuwan 'yan baya. Wannan maƙala za ta bi sawun yadda hanyoyin biyu suka samo asali, da yadda suka yi zaman kishiyoyi na kusan shekara goma, da irin bambancin da kunne ke ji a tsakaninsu, sa'an nan ta dubi abin da wannan tarihi ke koya wa masu adana tsofaffin waƙoƙi.

Ma'anar Kalmomin da Yadda Kunne ke Aiki

Mono shi ne tsarin da ake tattara dukkan sauti a bi da shi ta hanya guda. Ko lasifika goma aka jona wa faifan mono, abu ɗaya za su faɗa. Sitiriyo kuwa hanya biyu gare shi, ta hagu da ta dama, kowace da abin da take ɗauke da shi, ta yadda mai sauraro da ya zauna tsakanin lasifika biyu zai ji tamkar makaɗan sun jeru a gabansa.

Dalilin wannan yana ga halittar kunne. Sauti yana tafiyar kimanin mita 340 a cikin sakan guda. Idan aka buga ganga a hagun mutum, ƙarar za ta riga isa kunnen hagu kafin na dama da ɗan lokacin da bai kai kashi ɗaya cikin dubu na sakan ba, kuma za ta isa kunnen dama a raunane saboda kai ya tare ta. Da wannan ɗan bambanci na lokaci da na ƙarfi ne ƙwaƙwalwa ke gane inda sauti ya fito. Masanin kimiyyar nan na Ingila, Lord Rayleigh, ya bayyana wannan ƙa'ida tun a shekarar 1907. Abin da sitiriyo ke yi shi ne ya kwaikwayi bambancin nan, ya sa ƙwaƙwalwa ta ji murya a tsakiya, wurin da babu lasifika ko ɗaya.

Zamanin Mono

Tun daga shekarar 1877 da Thomas Edison ya ƙera na'urarsa ta ɗaukar magana a Amurka, har zuwa ƙarshen shekarun 1950, kusan duk abin da aka sayar wa jama'a mono ne, ko da yake ba a kiransa da wannan suna sai da ya sami abokin adawa. A 1887 Emile Berliner ya yi rajistar garmaho mai amfani da faifai shimfiɗaɗɗe. A farkon lamari babu wutar lantarki a cikin aikin. Makaɗa kan taru gaban wani babban ƙaho, ƙarar kiɗansu ta girgiza allura, allurar ta yi zane a kan kakin da ke juyawa. Haɗa sauti a lokacin aikin ƙafa ne: mai ƙaramar murya a matso da shi kusa da bakin ƙaho, mai kakaki a tura shi can baya.

A 1925 aka fara ɗauka da makirufo da lantarki, sauti ya ƙara fitowa tas. Faifan wancan zamani yana juyawa sau 78 a minti, kuma gefe guda na faifai mai inci 10 bai cika wuce minti uku ba. A 1948 kamfanin Columbia ya fito da dogon faifai mai juyawa sau 33 da sulusi, wanda gefensa guda ke ɗaukar fiye da minti ashirin, shekara guda bayan nan RCA Victor ya fito da ƙarami mai juyawa sau 45. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuma tef, wanda Jamusawa suka inganta, ya shiga ɗakunan ɗaukar sauti. Ke nan kafin sitiriyo ya shigo kasuwa, mono ya riga ya shekara tamanin ana goge shi, injiniyoyinsa sun san makamarsa ciki da bai.

Haihuwar Sitiriyo

Tunanin sitiriyo ya girmi kasuwarsa nesa ba kusa ba. A 1881, wajen baje kolin kayan lantarki a birnin Faris, Clément Ader ya jera na'urorin tarho a bakin dandalin gidan wasan opera, ya ja wayoyi zuwa wurin baje kolin. Baƙi suka riƙa kara kan tarho biyu, ɗaya a kowane kunne, suna jin motsin mawaƙa daga wannan gefe na dandali zuwa wancan. Sai dai babu hanyar adana abin da suka ji.

Wanda ya warware wannan ƙulli shi ne Alan Dower Blumlein, injiniya a kamfanin EMI na Ingila. An ruwaito cewa abin da ya tunzura shi shi ne wani kallo da ya je a silima a 1931, inda ya ga ɗan wasa a gefe guda na majigi, muryarsa kuwa tana fitowa daga wani gefe daban. A watan Disamba na shekarar ya shigar da takardar rajistar ƙirƙirarsa, wadda aka ba lamba 394,325. A ciki ya bayyana yadda za a girka makirufo biyu, da kuma abin da ya fi wuya, wato yadda za a cusa sauti biyu a cikin kwari guda na faifai, allura guda ta karanta su. A faifan mono allura gefe da gefe kawai take kaɗawa. Dabarar Blumlein ita ce a ɗauki bango biyu na kwarin, kowanne ya karkata da digiri 45, a rubuta sautin hagu a jikin ɗaya, na dama a jikin ɗayan. A watan Janairu na 1934 ya gwada tsarin a ɗakin ɗaukar sauti na Abbey Road da ke Landan, inda ya ɗauki makaɗan Sir Thomas Beecham suna kaɗa wani aikin Mozart.

A daidai wannan lokaci masana a ɗakin bincike na Bell a Amurka, ƙarƙashin Harvey Fletcher, suna nasu ƙoƙarin tare da madugun makaɗa Leopold Stokowski. A watan Afrilu na 1933 suka aika kiɗan makaɗan Philadelphia ta wayar tarho zuwa wani zaure a Washington ta hanyoyi uku. Amma duniya tana cikin matsin tattalin arziki, ga kuma yaƙi yana tafe. EMI ya jingine aikin, Blumlein ya koma binciken talabijin, daga baya kuma na na'urar hangen jiragen sama. A ranar 7 ga Yuni, 1942, jirgin da yake gwaji a cikinsa ya faɗi, ya rasu yana da shekara 38, bai ga faifan sitiriyo ko ɗaya a kanti ba.

Zaman Kishiyoyi: 1958 zuwa 1968

A ƙarshen 1957 wani ƙaramin kamfani a Amurka mai suna Audio Fidelity ya riga manyan kamfanoni fito da faifan sitiriyo, gefe guda kiɗa, ɗaya gefen ƙarar jiragen ƙasa. A 1958 manyan suka biyo baya, bisa tsarin digiri 45 na kamfanin Westrex, wanda a zahiri hanyar da Blumlein ya zana ce tun 1931. Amarya ta tare ke nan, kuma kamar yadda akan ce, amarya ba ta laifi. Aka riƙa buga faya-fayan talla masu ɗauke da ƙarar ƙwallon tebur tana tsalle daga hagu zuwa dama, da jirgin ƙasa yana ratsa falo, mutane suna ta al'ajabi.

Duk da haka uwargida ce ke riƙe da makullin gida. Faifan sitiriyo a Amurka ya fi na mono tsada da kimanin dala guda, kuma yana bukatar sabon garmaho da lasifika biyu. Allurar tsohon garmaho ba ta iya motsi sama da ƙasa, saboda haka idan aka ɗora ta a kan faifan sitiriyo sai ta riƙa nuƙe bangon kwarin. Bugu da ƙari, matasa su ne masu sayen waƙoƙin yayi, su kuwa ta ƙaramar rediyon hannu suke ji, ko rediyon mota, ko akwatin kiɗan da ake jefa wa kuɗi a gidajen shan shayi. Gidajen rediyon da ke tallata waƙoƙin a kan matsakaicin zango suke, wanda hanya ɗaya gare shi. Sai a 1961 hukumomin Amurka suka amince da watsa sitiriyo a kan zangon FM, kuma an ɗau shekaru kafin ya zama ruwan dare.

Wannan ne ya sa kamfanoni suka riƙa haɗa kowane aiki sau biyu. Abin nufi da haɗi shi ne matakin da injiniya ke zama gaban na'ura bayan an gama ɗauka, yana daidaita ƙarfin kowace murya da kowane kayan kiɗa, yana ƙara amsa-kuwwa inda ya dace, har ya fitar da tef na ƙarshe wanda za a buga faifai da shi. A wancan zamani da hannu ake yin komai, babu kwamfutar da za ta tuna abin da aka yi jiya. Idan aka yi haɗin mono yau, aka yi na sitiriyo bayan mako biyu, dole a sami saɓani ko da mutum ɗaya ne ya yi su.

Misalai daga Faya-fayan da Suka Shahara

Babu misalin da aka fi nazarta kamar na mawaƙan nan huɗu na Liverpool, wato Beatles. An ɗauki mafi yawan faifansu na farko, Please Please Me, a rana guda, 11 ga Fabrairu, 1963, a kan tef mai layi biyu. Mai shirya musu aiki, George Martin, ya sa kayan kiɗa a layi guda, muryoyi a ɗayan, domin ya sami damar daidaita su a lokacin haɗin mono. Da aka tashi buga na sitiriyo sai aka ɗauki layukan biyu kusan yadda suke, aka jefa kiɗa a gefe guda, muryoyi a ɗaya gefen, tsakiya ta zama kango. Wanda ya saurari wannan bugu da abin sawa a kunne zai ji kamar mawaƙa suna wani ɗaki, makaɗa suna wani.

Ko a 1967, lokacin da suka yi Sgt. Pepper's Lonely Hearts Club Band a kan tef mai layi huɗu, mono suka ɗauka da muhimmanci. Su da kansu suka zauna aka yi haɗinsa, na sitiriyo kuwa suka bar wa Martin da injiniyoyi. Injiniyan aikin, Geoff Emerick, ya bayyana cewa haɗin mono ya ci kimanin mako uku, na sitiriyo kuwa kwana uku. Sakamakon yana nan ga mai kunne. Waƙar She's Leaving Home ta fi sauri a mono, amonta ya ɗaga da rabin mataki, muryar mai rerawa ta fi kama da ta yaro. A sitiriyo an bar ta a saurin da aka ɗauke ta, sai ta yi nauyi da sanyin jiki. A faifansu na 1968 mai farin kwali, waƙar Helter Skelter ta sitiriyo ta fi ta mono tsawo da kusan minti guda, domin bayan kiɗan ya dushe yakan sake dawowa, har a ji ihun mai ganga a ƙarshe. A mono babu wannan dawowa, babu ihun. Wannan faifai shi ne na ƙarshe da aka yi wa haɗin mono na musamman. Abbey Road na 1969 a sitiriyo kaɗai ya fito.

A Amurka ma haka abin yake. Brian Wilson, jagoran Beach Boys, kusan ba ya ji da kunnen dama tun yana yaro, saboda haka a mono ya haɗa Pet Sounds na 1966. Baya ga lalurar, yana ganin mono ne ke ba mai shirya waƙa ikon yanke hukuncin ƙarshe, domin a sitiriyo abin da mutum zai ji ya dangana ga inda ya zauna da inda ya girka lasifikansa. Sai a 1997 aka fitar da haɗin sitiriyo na gaskiya na wannan faifai. Phil Spector shi ma yakan cika ƙaramin ɗakin Gold Star da ke Los Angeles da masu jita da masu fiyano da yawa, duk suna kaɗa abu ɗaya, domin sautinsu ya narke ya zama curi guda wanda ba a iya tantance wannan daga wancan. Idan aka warwatsa irin wannan kiɗa hagu da dama, an rushe ginin ke nan. A kamfanin Motown na Detroit, wanda Berry Gordy ya kafa a 1959, akan gwada waƙa ta ƙaramar lasifika mai kama da ta rediyon mota kafin a yarda a fitar da ita.

Abin da Kunne ke Ji

Masu fifita mono kan ce ya fi ƙarfi da cika. Maganarsu tana da tushe. Idan sautuka da yawa suka fito ta ƙofa guda, mai ƙarfi yakan danne mai rauni. Saboda haka dole injiniya ya sassaƙa wa kowane kayan kiɗa gurbinsa, ya rage kaurin wannan, ya ƙara kaifin wancan, ya kuma matse tazarar da ke tsakanin ƙara da raɗa domin waƙar ta ratsa hayaniyar titi. Abin da ke fitowa shi ne kiɗa dunƙulalle, ganga da murya suna tunkarar mutum kai-tsaye. A sitiriyon farkon shekarun 1960 kuwa sau da yawa akan sami ganga da jita mai kaurin amo an tura su lungu guda, sai ƙashin bayan waƙar ya karkace.

Akwai kuma batun ƙaiƙayin faifai. Da yake kiɗan mono a motsin gefe da gefe kawai yake, wani kaso na ƙarar ƙura da ƙarzuwa, da gurnanin injin, yana zuwa ne ta motsin sama da ƙasa. Idan aka kunna tsohon faifan mono da allurar mono, ko aka haɗe hanyoyin biyu da maɓallin da aka tanada domin haka, wannan kaso yakan ragu sosai. Har ila yau bakin allurar dogon faifan mono na farko ya fi na sitiriyo faɗi kaɗan, saboda haka allurar da ba ta dace ba tana iya sa a zargi faifai da laifin da ba nasa ba.

Sitiriyo shi ma yana da inda ba a ja da shi. Da zarar an raba sautuka wuri-wuri, kunne yana iya bin kowanne shi kaɗai, ƙananan abubuwa da suka nutse a mono sai su fito fili, a kuma ji faɗin zauren da aka yi kiɗan. A kiɗan gargajiyar Turai, inda makaɗa kusan ɗari ke zama a dandali guda, tun da wuri kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Ɗaukar da RCA ya yi wa makaɗan Chicago ƙarƙashin Fritz Reiner a 1954 har yau ana misali da ita. Haka kuma aikin da kamfanin Decca ya yi a Vienna daga 1958 zuwa 1965, inda John Culshaw da Georg Solti suka ɗauki jerin opera huɗu na Wagner, suna motsa mawaƙa a gaban makirufo kamar yadda za su motsa a dandali. Bambancin shi ne, waɗannan tun daga tushe da sitiriyo aka tsara su.

Wani lokaci kuma saɓanin na inji ne. A zaman farko na ɗaukar Kind of Blue na Miles Davis a 1959, na'urar tef mai layi uku tana gudu ƙasa da ƙa'ida kaɗan. Saboda haka gefen farko na bugun sitiriyo ya riƙa fitowa da ɗan sauri da ɗagowar amo fiye da yadda aka kaɗa shi, kuma ba a gyara ba sai a 1992.

Jabu ta Fuska Biyu

Da kasuwa ta karkata ga amarya, kamfanoni suka duba rumbunansu suka ga dubban ayyuka da a mono kaɗai aka ɗauke su. Maimakon su bar su yadda suke, sai suka shiga yi musu kwaskwarima. Akan tura amo mai kauri hagu, mai kaifi dama, a jinkirta gefe guda da ɗan ƙanƙanin lokaci, a zuba amsa-kuwwa, a rubuta sitiriyo a kwali. Kamfanin Capitol ya raɗa wa nasa salon suna Duophonic tun daga 1961, kuma da shi aka sayar da Pet Sounds ga masu neman sitiriyo. Irin wannan faifai kyan ɗan maciji gare shi: yana da faɗi a jin farko, amma murya takan yi kamar daga cikin rijiya take fitowa.

Mono ma an yi masa jabu. A ƙarshen zamanin, da kamfanoni suka gaji da aiki biyu, sai suka riƙa ɗaukar haɗin sitiriyo su naɗe hagu da dama wuri guda su kira shi mono. Idan aka yi haka, abin da ke tsakiya yakan ɗaga da kimanin desibel 3 a kan abin da ke gefe, ma'aunin waƙar ya sauya, wasu sautukan da suka saɓa wa juna a motsi kuma su kashe juna. Bugun mono na Yellow Submarine na 1969 irin wannan ne. Ke nan kalmar da ke jikin kwali ba ta isa hujja ba, sai an binciki yadda aka yi haɗin.

A 1967 manyan kamfanonin Amurka suka daidaita farashin nau'o'in biyu, kuma a cikin 1968 suka daina buga dogon faifan mono, in ban da ƙalilan. Ingila ta biyo baya ba da jimawa ba. Daga nan aka shiga shekaru masu yawa da matasa suka taso ba su san akwai wani haɗi ba sai na sitiriyo.

Dawowar Tsohuwar Zuma

Masu iya magana sun ce da tsohuwar zuma ake magani. A 1987, da aka mayar da ayyukan Beatles kan faifan CD, huɗu na farko a mono aka fitar da su. A 1991 aka tattara ayyukan Spector ƙarƙashin sunan Back to Mono. A 2009 aka fitar da akwatin haɗe-haɗen mono na Beatles, a 2010 kuma na faya-fayan Bob Dylan na farko. A 2017 Giles Martin, ɗan George Martin, ya sake haɗa Sgt. Pepper a sitiriyo, amma ya ɗauki mono a matsayin madubi, har ya mayar da She's Leaving Home saurinta na mono.

Daga baya kimiyyar kwamfuta ta zo da wata sabuwa. Kamfanin shirya fim na Peter Jackson ya samar da manhajar da ke koyon tantance sautuka, ta zare murya daga ganga ko da a layi guda aka ɗauke su. Da ita aka sake haɗa Revolver a 2022, kuma a 2023 aka fitar da She Loves You a sitiriyo, waƙar da tef ɗinta na asali ya ɓace tun shekarun 1960. Wannan ci gaba ya sake buɗe tsohuwar muhawara, domin yanzu ana iya ƙirƙirar haɗin da mawaƙin bai taɓa ji ba, wani lokaci ma bayan ya kwanta dama.

Abin mamaki kuma shi ne, idan kiɗa ya sauya rawa ma takan sauya, amma a nan rawar ta zagayo inda ta faro. Ɗimbin mutane a yau suna jin waƙa ne ta ƙaramar lasifika guda, ta wayar hannu ko ta 'yar akwatin da ake jonawa ba waya. Idan abokai biyu suka raba abin sawa a kunne, kowa ya ɗauki ɗaya, suka kunna sitiriyon 1963, ɗaya zai tashi da muryoyi, ɗayan da kiɗa.

Inda Abin ya Shafe Mu

Tun a ƙarshen shekarun 1920 kamfanin Zonophone ya ɗauki mawaƙan Afirka ta Yamma a Landan cikin harsuna da dama, har da Hausa. Waƙoƙin Narambaɗa da suka iso mana a zamanin mono aka ɗauke su. Su Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos kuwa, akasarin masoyansu ta rediyon Kaduna suka san su, a gajeren zango da matsakaici, wato ta hanya guda. Mutum ɗaya da kuntiginsa babu abin da za a raba masa hagu da dama. Kalangai da 'yan amshi za su iya amfana da faɗin sitiriyo, amma sai idan tun farko da shi aka ɗauke su.

Saboda haka duk mai niyyar mayar da irin waɗannan taskoki zuwa kwamfuta, ya kamata ya koyi darasi daga kuskuren kamfanonin Turai da Amurka. Ya kwafi abin yadda ya same shi, da allura ko kan tef da ya dace, ya rubuta inda ya samo shi da saurin da ya kunna shi, ya ajiye wannan kwafi ba tare da ƙari ko ragi ba. In ya so yin gyara, ya yi a kan kwafi na biyu, ya kuma bayyana cewa gyararre ne. Tef ba ya dawwama. Gobarar da ta tashi a rumbun Universal a Amurka a 2008 ta cinye ɗimbin tef-tef na asali, balle namu da ke fama da zafi da ƙura da gara.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a fahimci cewa babu hukunci guda da zai hau kan kowane faifai. Ingancin sauti ya dangana ne ga wane haɗi aka ɓata wa lokaci, wa ya zauna aka yi shi, kuma wace irin na'ura aka yi niyyar a ji shi da ita. A waƙoƙin yayi na kafin 1968, galibi mono ne ke ɗauke da nufin mawaƙi. A manyan kiɗe-kiɗen da aka tsara domin faɗin zaure, da kuma ayyukan da suka biyo bayan wannan shekara, sitiriyo ne gidan gaskiya. Jabu kuwa, ko ta wace fuska ya zo, ba ya wakiltar kowa. Haƙƙin da ya rataya a wuyan kamfanoni da gidajen rediyo da ɗakunan adana kayan tarihi shi ne su tsare haɗin farko, su bar shi inda mai nazari zai iya kai hannu gare shi, domin wanda aka haifa bayan shekara hamsin ya ji abin da mawaƙin ya ji ranar da ya ce aiki ya kammala.